IN BARI KO IN DAURE? ABIN DA YA FARU DA NI A SITON RIƊI

Yau dai ku yi mini afuwa, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, duk da na san wasunku shafin nan suke fara buɗewa don su ji yadda za ta kaya tsakanin masoya.

Abin da ya sa na ajiye wancan, satin da ya wuce ne ƙanwar wata ƙawata ta same ni har ɗaki, ta zauna a bakin katifa tana ta murza gefen hijabinta, da ƙyar ta iya buɗe baki. Wai wata bakwai ke nan tana aiki a wani shagon sayar da magani, mai shagon kullum cikin zagi yake, albashi kuwa sai ranar da ya ga dama, ga shi ita ce mai sayen sabulu da man girki a gidansu. Ta ɗago ido ya cika da ƙwalla ta ce, "Anti, in bari ne, ko in daure har in sami wani?"

Wallahi na daɗe ban ce mata komai ba. Tambayar nan ni ma ta taɓa hana ni barci wata da watanni.

Ni 'yar ƙasar Dawakin Tofa ce. Duk wadda ta taɓa bin hanyar Bichi ko ta Ɗambatta daga Kano ta san irin ƙasarmu: babu daji ko na magani, gona ce a jikin gona, gida a bayan gida, sai ɗorawa da kuka da gawo tsaitsaye a tsakiyar shuka. Gonarmu ba ta san hutu ba, kowace shekara sai an noma ta, da takin awaki da tumaki ake lallaɓa ta. Tun wajen shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi ta rubutu a kan yadda jama'a suka yi yawa a karkarar Kano amma ƙasar tana ci da su. To ina ma ya ga yau! Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yanzu gida shida ke ci a cikinta. Geron da Babanmu yake samu da dawa da ɗan wake, in an yi sa'a su kai mu saukar ruwan farko, daga nan sai awo. Shi ya sa da an gama kaka mazanmu suke watsewa, wasu birni cin rani, wasu noman rani a Watari ta ƙasar Ɓagwai. Na kawo wannan ne don ku gane, albashin 'ya mace a irin gidajenmu ba kuɗin jan baki da hoda ba ne. Tuwon dare ne.

Na gama sakandare a 2021, na zauna shekara guda ina wanke-wanke da rubuce-rubucena a littafin makaranta. Da kakar 2022 Kawuna ya samo mini aiki a wajen Dawanau. Waɗanda ba su san ta ba, kasuwar hatsi ce a kan titin Katsina, an kafa ta tun 1985, ana kuma cewa babu kamarta a Afirka ta Yamma. 'Yan Nijar da Chadi da Kamaru duk nan suke awo. Riɗin da ake gyarawa a nan har Japan da Turkiyya yake zuwa, zoborodon nan kuwa da muke jiƙawa mu sayar a leda, mutanen Meziko ne manyan masu sayensa. Amma kafin buhu ya hau tirela sai ya bi ta hannun mata: su rairaye, su sheƙe, su bakace, su tsince tsakuwa da ƙaiƙayi ɗaya bayan ɗaya, tun safe har la'asar, ƙura ta rufe su har gashin ido. Yawancinsu zawarawa ne da tsofaffi da waɗanda mazansu suka tafi ba labari.

A wani sito da ke can gefen titi aka ɗauke ni, ba zan faɗi sunansa ba ko na mai shi. Aikina in zauna da biro da babban littafi in rubuta buhu nawa kowace mace ta gyara, don a kan buhu ake biyansu. Albashina naira 15,000. Ranar da na fara kai wa Inna kuɗin nan, ta juya su ta sake juyawa, ba ta ce komai ba sai "Allah ya yi albarka." Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, amma ranar na ga abin da ke ranta.

Mai siton ba ya zama, Manaja ne wuƙa da nama. Mutumin nan, Allah ya shirye shi, bai iya kiran mutum ba sai da "ke dabba" ko "ke baƙauya". A gaban 'yan dako, a gaban baƙi, ko'ina. In ka makara da minti goma tarar naira 500. In lissafi ya yi daidai shiru, in ya kuskure da kwano ɗaya ranar har iyayenka sai sun sha. Albashi ya koma sai goma ga wata, ya koma sai ashirin. Da aka shiga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, sai ya ce ta waya zai riƙa biya, alhali yawancin matan nan ko asusun banki ba su da shi, haka za su bi layin mai POS a yanki wani abu a cikin ɗan abin da suka samu. Muna cikin wannan sai ga 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Kuɗin mota daga ƙauyenmu zuwa da dawowa ya cinye kusan rabin albashina.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne jikina ya riga ni yanke hukunci. Kullum da asuba in na tuna inda za ni sai cikina ya murɗa. Na rame, na yi baƙi, abinci ba ya shiga. Ƙanina ƙarami ya zo zai hau cinyata in daka masa tsawa irin ta Manaja sak, har da kalmar. Ranar da na ji "dabba" ta fito daga bakina, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Rubutun da nake so kamar raina kuwa, wata biyar ban ɗora biro a kan takarda ba.

Sai na fara neman shawara, kuma 'yan uwa, in kuna son kanku ya ɗaure ku tambayi mutum uku abu ɗaya. Inna ta ce, "Ke dai ki yi haƙuri, da babu gara ba daɗi. Wa ya taɓa cin arziki a kwance?" Gwaggona ta ce in watsar in fito da miji, wai dama aikin 'ya mace ƙarshensa ke nan, kamar shi auren ba a cin abinci a cikinsa. Ƙawata kuwa, wadda mahaifinta ke da shago biyu a birni, cewa ta yi, "Tabɗi! Ni ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba." Gaskiya ta faɗa, ita ba za ta ƙara ba, don in ta koma gida tukunyarsu ba za ta san ta bar aiki ba. Ku riƙa duba rumbun mai ba ku shawara kafin ku ɗauka.

Da na ga haka sai na zauna da kaina wani dare, na kunna fitila na yi lissafi a bayan littafina. Abin da ke saura bayan kuɗin mota da tara bai fi naira 7,000 ba, amma a cikinsa nake zubin adashin 3,000, sauran kuma awo. Ɗaukata za ta zo a watan Oktoba, daidai lokacin da sabon gero ya shigo gida, ba a buƙatar awo. Sai na yanke: zan daure zuwa Oktoba, in ɗauki adashina, in ƙara da tunkiyata in sayi keken ɗinki na hannu, kafin nan kuma ina cigiyar wani aikin a ɓoye. Na rubuta ranar a bangon ɗakina da gawayi.

Har gobe ina kare wannan shawarar. Daurewar da ke da ranar ƙarewa daban take da daurewar da ba ta da iyaka. Tun da na sa rana, zagin Manaja ya rage yi mini zafi, in yana yi sai in ce a raina saura kwana kaza. Sannan na lura da wani abu a cigiyar da nake yi: in ka je neman aiki kana da wani a hannu, da mutunci ake yi maka magana, har a tambaye ka nawa ake ba ka a can. In kuwa aka hango yunwa a fuskarka, tayin wulaƙanci za a yi maka, kuma dole ka karɓa. Ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi, in ji masu iya magana.

Amma ban kai Oktoban ba.

Cikin watan Yuli Manaja ya kira ni ofis ya ce kasuwa ta lalace, daga yau duk matar da ta gyara buhu bakwai in rubuta shida, wadda ta yi biyar in rubuta huɗu, ai ba karatu suka iya ba. Na ce, "Yallaɓai, ai haƙƙinsu ne." Ya ce, "Ke aka ɗauka aiki ko Malamin Islamiyya?" To a nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Inna: na yi. Rana ɗaya na yi, hannuna yana rawa, na rage wa mata huɗu buhu ɗaiɗai.

Washegari wata tsohuwa da muke kira Iya, mai tari kullum saboda ƙurar zoborodo, ta matso kusa da teburina ta kwance gefen zaninta. Tsakuwoyi ne a ƙulle, guda bakwai. Ashe duk buhun da ta gama sai ta jefa tsakuwa ɗaya. Ta ce a hankali, don kada wani ya ji, "'Yar nan, jiya bakwai na yi, na ga an ba ni na shida. Ko idonki ne ya gaji? Duba mini, Allah ya yi miki albarka." Ba ta zarge ni ba, uzuri ma take nema mini. Ni da na haddace Suratul Muɗaffifina tun ina 'yar shekara tara, na san abin da aka ce a kan masu tauye mudu. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga ranar na koma rubuta gaskiya, na kuma sami ƙaramin littafi ina kwafe komai a ciki, har da ranakun da na zo aiki da abin da aka biya ni. Na zaci kora ce za ta biyo baya. Sai mutumin ya canja salo. Zagi ya tsaya cak, aka koma "Malama, an zo lafiya?" Rannan ga lemo a kan teburina, rannan ga maganar wai wayata ta tsufa. Wata Laraba cikin Agusta, ana ta marka, mata sun watse, ya ce in tsaya mu gyara lissafin wata. Ina shiga ofis na ji ya mai da ƙofa ya murza mukulli. Ba zan tsawaita ba. Allah ya taimake ni wani ɗan dako ya dawo neman takalminsa, na ƙwala masa kira da iyakar muryata, Manaja ya buɗe yana dariyar borin kunya wai iska ce ke bugo ƙofar. Na suri jakata na fita cikin ruwan nan ko lema babu. Albashina na wata ɗaya da rabi yana hannunsa, adashina saura wata biyu, ba ni da wani aiki ko alƙawarinsa. Ban sake taka wurin da sunan aiki ba.

Kada in yi muku ƙarya irin ta littattafanmu, inda yarinya za ta bar wahala yau gobe wani Alhaji mai Marsandi ya tsaya a ƙofar gidansu. Babu wanda ya tsaya. Agusta ce fa, rumbu ya koma sai ƙaiƙayi, gero bai nuna ba. Ga shi an yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli, an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, harkar kasuwa duk ta rikice, ba mai maganar ɗaukar sabon ma'aikaci. A gari kuma aka fara ƙus-ƙus, wasu su ce kora ta aka yi don na ci kuɗi, wasu su faɗi abin da ya fi haka muni. Uwar adashi ta aiko sau biyu. Akwai daren da muka kwana da rama da ƙuli-ƙuli kawai, ina jin ƙannena suna juyi a kan tabarma, na ce a raina, anya ban yi wauta ba?

Kwana uku ina ɓoye wa Baba dalili, ina cewa ba ni da lafiya. A na huɗu Inna ta ce, "Ke, tashi ki je ki faɗa masa da bakinki." Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, na durƙusa na faɗa masa tun daga tsakuwoyin Iya har zuwa mukulli. Ya daɗe kansa a sunkuye. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya ce, "Uwata, da kin kwana ɗaya a wurin nan bayan wannan, da shi ne zan yi fushi da ke. Yunwa ba yau muka fara ganinta ba." Ranar Lahadi ya ja tunkiyata zuwa kasuwar Ɗambatta, ga ta da ciki, aka sayar da ita a arha don damina ce kowa sayarwa yake. Da kuɗinta na cike zubin adashi muka yi awo. Keken ɗinki dai sai a mafarki.

Maganar albashina kuwa, ƙaramin littafin nan ne ya cece ni. Baba da Kawu da Mai Unguwarmu suka sami mai siton da kansa, aka buɗe littafina gaban kowa, rana da rana. Aka ba ni na wata ɗaya, rabin kuma aka ce na tafi ba sallama. Sai daga baya na san cewa Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta yi magana a kan duk wannan. Wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, sanarwar kwana ɗaya ce tsakaninsa da mai aiki in ɗayansu zai raba gari. Daga wata uku zuwa shekara biyu sati ɗaya, daga biyu zuwa biyar sati biyu, daga biyar zuwa sama wata guda, kuma in ta kai sati to a rubuce ake yin ta. Dokar ta ce kada a wuce wata uku ba a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa ba, kada kuma tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. Akwai ma kotun ma'aikata ta musamman, tana da reshe a Kano. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne, tun 2019, a Yulin 2024 aka mai da shi 70,000. Sai dai kash, dokar albashin ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin da ake biya a kan abin da suka gama, irin su Iya ke nan. Wato mu da muka fi kowa buƙatarta, mu ne a bayan ƙofa. Duk da haka sanin ya fi rashinsa. Mai aiki in ya ga kin san ranakunki a rubuce, kuma akwai babba a bayanki, ko Mai Unguwa ne ko 'yan Hisba, yakan sassauta murya.

Wata biyar na yi a gida. Na yi ɗinkin hula, na tara yaran maƙwabta ina koya musu karatu da yamma ana ba ni abin da ya sawwaƙa, a cikin wannan zaman ne kuma na gama littafina na farko. A Janairun 2024 na sami koyarwa a wata 'yar makaranta mai zaman kanta, albashin bai kai na sito ba, amma da ƙafa nake zuwa, kuma ba wanda ya taɓa ce mini dabba.

Duk wannan na kwashe na faɗa wa ƙanwar ƙawata. Sannan na tambaye ta, "Tsakaninki da Allah, ya taɓa kai hannu jikinki, ko ya yi miki maganar banza, ko ya nemi keɓewa da ke?" Ta ce a'a. Na ce, "Ya taɓa sa ki sayar da maganin da ya lalace, ko ki cuci wani?" Ta ce a'a, zagin ne dai da riƙe albashi. Na ce to ki je ki yi istihara, ki faɗa wa Mamanku komai kada ki rage, ki sa wa kanki rana, ki fara ajiye wani abu ko naira 200 ce kullum, ki baza cigiya wurin 'yan uwa da malamanki na makaranta, in ranar ta zo ki rubuta masa takardar sati ɗaya ki fita ta ƙofar da kika shigo. Amma in ɗaya daga cikin biyun can ya faru, ko kika ga lafiyarki ta fara taɓuwa, kada ki tsaya lissafin adashi, ɗauki jakarki. Na ciro sabon littafi mai shafi 40 a cikin waɗanda nake rubutu na ba ta, na ce ta fara da ranar da aka biya ta na ƙarshe.

Na manta ban gaya muku ba. Da na karɓi albashina na farko a makaranta, na nemi matan nan huɗu na mayar wa kowace kuɗin buhunta. Iya ce ta ƙarshe, na same ta a gidanta ranar Juma'a tana shan iska a tsakar gida, tafin hannunta ja wur da zoborodo. Ta ƙi karɓa sai da na haɗa ta da Allah. Ta ƙulle a gefen zanin nan dai, ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce har yanzu tana can, jikoki uku ne a gabanta, ina za ta? Har na kai zaure ta kira ni. "'Yar nan, makarantar taku ba sa neman mai shara?"

Na tambaya. Sun ce suna da ita. Har yau ina cigiya, in da wadda ta ji labarin wani wuri a wajen Dawakin Tofa ko Bichi, ta aiko ta hannun Edita.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.